Maganaɗisun da ke Sauraron Hanta da Tsoka da Ƙwaƙwalwa

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Minanata, iyayenmu maza da mata, samari da 'yan mata, da na Mabera, da Gagi, da Arkilla, da Runjin Sambo, da duk wani lungu na Birnin Shehu da muryarmu ta kai.

Tambayar da za mu tashi da ita yau ta daɗe tana ba likitoci wuya. Idan mutum ya ci tuwonsa ya sha furarsa, ina abincin nan yake zuwa? Kowa ya san tumbi na niƙawa, hanji na tsotsewa, sukarin da ke ciki ya shiga jini. To daga nan fa? Nawa hanta ta ɗauka, nawa tsoka ta karɓa, nawa ƙwaƙwalwa ta ƙone? A jikin mai ciwon suga kuma, a ina ne daidai tafiyar take cijewa?

A da, likita bai da abin yi sai ya ɗebi jini, ko ya soka doguwar allura ya yanko ɗan nama daga hanta ko cinya. Jini abin da ke yawo a jijiya kawai yake faɗa, ba ya faɗin abin da ke cikin gaɓa. Yankan nama kuwa da ciwo, ga haɗarin zubar jini, kuma ba a iya maimaita shi duk bayan awa ɗaya. Ƙwaƙwalwar mai lafiya kuwa ba ma a zancen taɓa ta. Haka aka yi ta ƙiyasi da gwaji a kan dabbobi, har Allah ya kawo wata hanya da ba ta buƙatar allura ko wuƙa.

Da yawanku sun ji sunan na'urar, wasu ma sun kwanta a cikinta: MRI. Wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, inda ake tura gadon majinyaci. Ƙarfin wanda manyan asibitoci suka fi amfani da shi tesla 1.5 ne, wato ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniyar nan da ke juya allurar kamfas sau 30,000 ko ma fiye. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne, kuma ruwa da kitse cike suke da ƙwayoyin zarra na haidurojin. Cibiyar kowace ƙwaya tana da ɗan maganaɗisunta. Da an shigar da mutum cikin babban maganaɗisu sai su karkata su bi layinsa. Daga nan na'ura ta aika musu igiyar rediyo, irin wannan da ke kawo muku muryata yanzu. Igiyar ta ture su daga layi, da an ɗauke ta su koma, a wajen komawar kuma su saki tasu igiyar, wata eriya da aka ɗora a jikin mutum ta kama.

A maganaɗisu mai tesla 1.5, haidurojin na amsawa a wajen mita 64. A mai tesla 3, a wajen mita 128. Tashoshin FM da kuke kamawa suna tsakanin mita 88 da 108. Kun ga kusancin ya yi yawa, shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakin na'urar da jan ƙarfe, don kada shirye-shiryenmu su kutsa su gurɓata sakamakon. Babu hasken ekisire a cikin wannan aiki ko kaɗan.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan ɗabi'a a cikin ruwa da daskararrun abubuwa a Amurka a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka mai da ita hanyar ɗaukar hoton cikin jiki, su ma suka karɓi Nobel a 2003. Amma akwai wani abu da aka lura da shi tun wajen 1950, wanda shi ne ginshiƙin zancenmu na yau. Haidurojin da ke cikin ruwa da wanda ke cikin kitse ba a kan mita ɗaya cif suke amsawa ba. Akwai ɗan bambanci, wajen kashi 3.5 cikin miliyan, kuma na'ura na iya raba su. Haka fosforos da kabon suke, kowanne mitarsa na gocewa gwargwadon sinadarin da yake zaune a ciki. Wannan aikin shi ake kira MRS. Idan ka leƙa fuskar kwamfutar ba hoton gaɓa za ka gani ba, layi ne kwance mai tudu-tudu. Inda tudu ya tsaya shi ke faɗa maka sunan sinadari, girmansa kuma ya faɗa maka yawansa, alhali mai jikin na kwance da ransa, yana numfashi.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da tsoka, don a nan aka fara. A 1974, a Jami'ar Oxford ta Ingila, George Radda da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya jin fosforos a cikin tsoka ba tare da an markaɗa ta ba. Bayan 'yan shekaru aka gina maganaɗisun da hannun mutum zai shiga. Sai a zaunar da mutum, ya zura damtsensa cikin ramin, a ba shi 'yar roba ya dinga matsawa yana saki. A kan kwamfuta ana kallon tudun wani sinadari mai suna fosfokiriyatin, wanda tsoka ke fara cinyewa idan aka buƙaci ƙarfi da gaggawa. Yana matsa roba tudun na lotsawa. Ya tsaya hutawa, cikin 'yan mintuna tudun ya sake tashi. Saurin tashin nan shi ke nuna lafiyar injinan da ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin tsoka. A 1981 suka gwada wani majinyaci da ke fama da ciwon tsoka da saurin gajiya. Tsokar mai lafiya takan yi tsami idan ta sha aiki, tasa kuwa ba ta yi ba. Da wannan suka gane cewa jikinsa ba ya iya fasa sukarin da ya ajiye a tsoka, cutar da ake kira McArdle.

Abin da ya fi shafarmu ya fito ne daga Jami'ar Yale ta Amurka, daga Gerald Shulman, da Robert Shulman, da Douglas Rothman, da Kitt Petersen. Jiki na ajiye sukari a dunƙule, ana kiran dunƙulen gilaikojin. Hanta kan riƙe wajen giram 100, tsokoki gaba ɗaya wajen giram 400. A 1990 suka ɗura wa masu lafiya da masu ciwon suga gulukos, wato sukarin jini, mai ɗauke da wani nau'in kabon da na'ura ke iya ji, tare da insulin, suka sa eriya a sharaɓar ƙafarsu suna sauraro. A jikin masu lafiya, mafi yawan sukarin tsoka ya nufa, ya zama ajiya. A jikin masu ciwon suga, saurin ajiyar ya ragu da wajen kashi 60 cikin 100. Suka ci gaba da bin sawu, har a 1999 suka tabbatar cewa matsalar tun daga bakin ƙwayar tsoka take: insulin na ba da umurni, amma sukari ba ya samun shiga.

Daga nan suka juya ga 'ya'yan masu ciwon suga, matasa marasa ƙiba, waɗanda gwajin jininsu lafiya lau yake. Iyaye, a kasa kunne a nan. A cikin waɗannan matasa an samu waɗanda tsokarsu ta riga ta fara ƙin jin insulin. A 2004 na'ura ta nuna ɗigon kitse a cikin ƙwayoyin tsokarsu ya fi na sauran da wajen kashi 80 cikin 100, injinan ƙona abincinsu kuma sun yi ƙasa da wajen kashi 30. Ciwon suga ke nan yana shiri a ɓoye shekaru kafin fitsari ya fara yawa, kafin ƙishirwa ta fara damun mutum.

Amma tun a 1996 wannan ayari ya gwada wani abu mai daɗin ji. Suka sa irin waɗannan 'ya'ya motsa jiki na mako 6, suka sake sauraron tsokarsu. Ajiyar sukari ta ninka. A 2011 kuma suka nuna cewa motsa jiki sau ɗaya tak na minti 45 ya sa tsoka ta ajiye sukarin abincin da ya biyo baya fiye da ninki 3, kitsen da hanta ke haɗawa kuma ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake. Sukarin da tsoka ta ƙi karɓa ba ɓacewa yake ba, hanta yake komawa, ita kuma ta mai da shi kitse.

(Ɗan kiɗa)

To mu je hanta. Hanta ita ce rumbun gida: ana zuba mata lokacin da abinci ya samu, ana ɗiba daga cikinta lokacin da babu. Daga sahur zuwa buɗa baki a nan Sakkwato galibi awa 13 ne zuwa 14. Wa ke ciyar da ƙwaƙwalwarka da azahar, da la'asar, alhali ba ka sa komai a baki ba? Ita ce. Gilaikojin da ke cikin tsoka na tsokar ne ita kaɗai, ba ta sakin sa cikin jini. Na hanta ne ake rabawa kowa.

A 1991 Rothman da abokansa suka ajiye mutane awa 68 ba abinci, suna auna gilaikojin hantarsu lokaci-lokaci. Kafin nan an ɗauka cewa a yinin farko ajiyar nan ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Sai na'ura ta nuna cewa a cikin awa 22 na farko, kashi 64 cikin 100 na sukarin da ke shiga jini sabo ne, jiki ne ya ƙera shi daga tsamin da tsoka ke fitarwa, da guntayen furotin, da wani yanki na kitse. Da aka yi nisa, ajiya ta kusa ƙarewa, sabon ƙira ya kai kashi 96. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara wannan. Mai lafiya na iya yini bai ci ba, sukarin jininsa bai faɗi ƙasa ba.

A jikin mai ciwon suga wannan ƙira ce ke wuce gona da iri. Bincikensu na 1992 ya nuna hantar masu ciwon ba ta da ajiya da yawa, amma tana ta ƙera sabon sukari fiye da ƙima. Ga amsar tambayar da iyayenmu ke yawan yi a asibiti: na kwana ban ci komai ba, me ya sa sugana ya hau da safe? Hantarki ce, Hajiya, ta kwana tana aiki ba a sa ta ba. A 2000 kuma aka nuna da wannan hanya cewa ƙwayar metformin, wadda yawancin masu ciwon suga suka sani, wannan ƙirar take rage wa ƙarfi. Saboda haka kada a yar da ita don an ga an daina shan zaƙi.

Me ke sa hanta ta daina jin insulin? Babban abin zargi kitse ne. A birnin Dallas na Amurka an auna hantar mutum fiye da 2,000 da MRS, aka tsai da cewa idan kitse ya haura wajen kashi 5.5 cikin 100 to ya yi yawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ya haura. Mafi yawansu ba su ji ciwon komai ba. Hanta ba ta kuka da wuri.

Sai Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ya yi tambayar da ta dace: idan aka kwashe kitsen fa? A 2011 ya wallafa abin da ya gani a jikin mutum 11 masu ciwon suga nau'i na biyu, waɗanda aka taƙaita wa abinci ƙwarai na mako 8 a ƙarƙashin kulawar likita. Cikin mako ɗaya sugan safiyarsu ya dawo daidai. Zuwa mako na 8 kitsen hantarsu ya sauko daga kashi 12.8 zuwa 2.9. Kitsen fankiriyas, wato 'yar gaɓar da ke bayan tumbi wadda ke haɗa insulin, shi ma ya ragu, gaɓar ta farfaɗo. Daga baya shi da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka gwada a kan mutum wajen 300. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin ciwonsu ya lafa ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86.

Ina roƙonku da Allah kada wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa ko ya ƙaurace wa abinci da kansa. Waɗannan mutane masu ƙiba ne, ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, ba sa kan allurar insulin, kuma likita na bibiyarsu. Lafawa ce, idan kitsen ya dawo ciwon na dawowa. Mai shan ƙwayar da ke saukar da suga ko mai allura, yunwa na iya kayar da shi. Haka batun azumi: a je a ga likita tun cikin Sha'aban a gyara lokacin magani da yawansa.

Wani zai ce duk wannan labarin Turawa ne. To ga namu. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun gwada jinin Fulani mazauna cikin birnin Sakkwato, suka wallafa a 2011 cewa kashi 4.6 cikin 100 na da ciwon suga. Da suka gwada Fulanin karkara, a rahotonsu na 2013, kashi 0.8 suka samu. Jini ɗaya, jiha ɗaya, amma bambancin ya haura ninki 5. Ba da maganaɗisu aka yi wannan bincike ba, sai dai abin da maganaɗisu ya gano ya fassara shi. Na karkara yana bin shanu, yana noma, matarsa na daka, tana ɗauko ruwa, tana kai nono kasuwa a ƙafa. Tsokarsu kullum a buɗe take ga sukari. Mu kuwa a Minanata, daga ƙofar gida sai kabu-kabu ko keke napep, daga nan sai benci a shago ko kujerar ofis har la'asar. Shayin safe cokali uku na suga da madarar gwangwani, fura sai an zuba mata suga, zoɓo da kunu sai sun yi zaƙi rau, shinkafa rana da dare, lemon kwalba a kowane suna da biki. A ganina ba abincin gargajiyarmu ne ya juya mana baya ba. Gero da dawa da wake da zogale da rama suna nan yadda kakanninmu suka san su. Mu ne muka ƙara zaƙi muka rage tafiya.

Kafin mu bar hanta, kada a ɗora wa kitse komai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Gwajinsa na jini ne, rigakafinsa kuma yana cikin alluran jarirai. Kitse a kan hantar da ƙwayar cuta ta riga ta raunana wahala ce a kan wahala.

(Ɗan kiɗa)

Ƙwaƙwalwa nauyinta wajen kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a hutu, wajen giram 120 na gulukos a yini, kuma ba ta da ajiyar kirki. Shi ya sa idan suga ya faɗi mutum ke rawar jiki, ya yi gumi, ya rikice, har ya suma.

A layin MRS na ƙwaƙwalwa likita na duban tudu kaɗan. Akwai NAA, alamar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu rai da lafiya. Akwai kolin, wanda ke tashi inda ƙwayoyi ke hayayyafa da sauri. Akwai laktet, wanda ke bayyana inda iskar numfashi ta gaza. A garin da ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa irin ta asibitin koyarwarmu, wannan na da amfani kai tsaye. Hoto na iya nuna ƙullutu a cikin kai, amma ƙari ne, ko ƙurji mai mugunya, ko tarin fuka ne ya dunƙule a can? Ƙari yakan ɗaga kolin ya saukar da NAA. Dunƙulen tarin fuka yakan nuna babban tudun kitse. Ƙurji yakan nuna sinadaran da ƙwayoyin cuta ke fitarwa. Ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, amma yana taimaka wa likita ya san ko wuƙa ake buƙata ko magani.

An kuma ga yadda hanta ke taɓa hankali. Idan hanta ta lalace, gubar amoniya na taruwa a jini ta haura kai, ƙwaƙwalwa ta mai da ita wani sinadari mai suna gulutamin, kuma tudunsa na fitowa ɓaro-ɓaro a na'ura. Saboda haka idan mai ciwon hanta, mai kumburin ciki ko shawara, ya fara barcin rana da farkawar dare, yana sambatu, yana mance mutanen gida, a yi masa addu'a, a kuma garzaya da shi asibiti a ranar. Akwai maganin da ke rage gubar.

Labarin jarirai kuwa darasi biyu ne a cikinsa. A farkon shekarun 1980, a Kwalejin Jami'a ta Landan, aka saurari fosforos a ƙwaƙwalwar jariran da suka sha wuya wajen haihuwa, waɗanda ba su yi kuka da wuri ba. A awannin farko ƙarfin ƙwaƙwalwarsu kamar lafiya lau, sai bayan yini ɗaya zuwa biyu ya rushe. Ashe akwai ɗan lokaci a tsakani da za a iya ceto. Daga nan aka samo dabarar sanyaya jikin jariri a asibiti zuwa digiri 33.5 na awa 72, kuma ta yi amfani a ƙasashe masu arziki. Amma da aka gwada ta a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ba ta taimaka ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Darasi na farko na iyaye mata ne da ungozoma: doguwar naƙuda asibiti ake kai ta, kuma kada a kuskura a sanyaya jariri a gida. Na biyu na masana ne: abin da ya tabbata a jikin wasu sai an gwada shi a jikin namu.

Ko a binciken Dallas ɗin nan an ga haka. Kitsen hanta ya kama kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, kashi 24 na baƙaƙe, alhali ciwon suga bai raga wa baƙaƙen ba. Likitocinmu kuma na ganin masu ciwon suga sirara, waɗanda ba su taɓa yin ƙiba ba. Ina kitsen yake a jikinsu? Me yunwar ƙuruciya ta yi wa hanta da fankiriyas na wanda ya girma ya shigo birni? Yaya gilaikojin hantar mai azumi yake a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40 kuma ba a shan ruwa? Waɗannan tambayoyinmu ne, kuma ba wanda zai damu da su kamar mu.

Kayan aikin ne ke da ƙaranci. Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa sun wallafa a 2018 cewa na'urar MRI 84 ce a Afirka ta Yamma mai mutum fiye da miliyan 370. Guda 58 na Najeriya, kuma 45 daga cikinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. MRS kuwa sai da tesla 1.5 zuwa sama, na kabon da fosforos ma sai da eriya ta musamman. Babban maganaɗisu na buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da injiniyan da zai kula da shi. Sayen na'ura ya fi riƙonta sauƙi. Muna da jami'a mai koyar da fizik da kemistiri da aikin hoton asibiti, muna da asibitin koyarwa, muna da masu hali. Ina kira ga gwamnati da masu hannu da shuni su ɗauki wannan a matsayin sadaka mai gudana, su haɗa kuɗin na'ura da na wuta da na horar da yaranmu a lissafi ɗaya. Ɗaliban sakandare na Minanata da ke saurare, mata da maza, ku riƙe fizik da kemistiri da lissafi da kyau, wannan fage na jiranku.

Wanda likita ya rubuta wa hoton MRI, ga abin da zai tarar. Maganaɗisun ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake. Za a ce ka cire zobe, agogo, makulli, waya, katin banki, laya ko guru mai ƙarfe. Iyaye mata, a cire awarwaro da 'yan kunne da fil ɗin mayafi, a kuma goge kwalli idan hoton kai ne, don yana iya ɓata hoton. Ka faɗa wa ma'aikaci gaskiya idan an taɓa sa maka ƙarfe a ƙashi, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko akwai harsashi ko ɓarɓashinsa a jikinka. Masu walda da maƙera, ku faɗa idan ƙarfe ya taɓa faɗa muku a ido. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su ma su sanar. A 2001, a jihar New York ta Amurka, maganaɗisu ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 da ke kwance a ciki, ya rasu. Shi ya sa ɗan rakiya ma ba ya shiga sai an bincike shi. Idan ka kwanta za ka ji ƙara mai ƙarfi, ƙwanƙwasa da gurnani, za a ba ka abin toshe kunne da ɗan abin matsawa idan ka ji ba daɗi. Aikinka ka kwanta shiru minti 20 zuwa 45. Ba ya ciwo. Ka yi ta tasbihinka a zuci har a gama.

Mafi yawanmu ba za mu taɓa buƙatar shiga wannan na'ura ba, kuma ba sai mun shiga za mu ci moriyar abin da ta gano ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato wajen rabin awa a kwana biyar. Zafin garinmu ba hujja ba ne, akwai bayan asuba, akwai bayan la'asar sakaliya. Magidanta, a taka zuwa masallaci da kasuwa idan da hali. Uwar gida da ba ta fita, tsakar gida ma fili ne, kuma maigida ya ba ta lokaci da ƙwarin gwiwa. A rage sugan shayi da na fura, a mai da lemon kwalba na jefi-jefi, a ƙara wake da ganye a kwano, a rage tudun shinkafa.

Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon suga, da wanda ya haura shekara 40, da wanda tumbinsa ya fara fitowa, da macen da suganta ya taɓa hawa da juna biyu, ya je cibiyar lafiya mafi kusa da safe kafin ya karya, a ɗiga jinin yatsarsa. Idan lambar ta kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, a sake gwadawa wata rana a ga likita. Idan tana tsakanin 6.1 da 6.9, lokacin gyara ne tun bai zama ciwo ba. A nemi gwajin ciwon hanta nau'in B a wannan zuwan. Jama'ar Minanata, don Allah kada makon nan ya wuce ba ku je ba, kuma ku riƙo hannun iyayenku ku tafi tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai wani makon idan Mai Duka ya kai mu.

(Taken rufewa)